Kifi namiji da ƙwai a cikinsa, wai me ke faruwa a koguna ne?

Ɗan Zariya a Ingila:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau na ga abin da ya tsaya min a rai tun rana, nace bari in kawo nan tunda akwai masunta da masu kiwon kifi a cikinmu. A ɗakin gwaji malaminmu ya ɗora mana wani yanki siriri na gwaiwar kifi namiji a ƙarƙashin maikiroskof, an rina shi da launi, yace kowa ya leƙa ya faɗi me ya gani. Na leƙa, da farko ɗigo-ɗigo ne ƙanana cunkushe kamar an watsa riɗi, wannan maniyyi ne, daidai yake. Sai can a tsakiyarsu naga wasu manya zagayayyu guda huɗu ko biyar, kowanne da kamar ido a tsakiya, sun zauna daram. Ƙwai ne fa jama'a. Ƙwai a cikin gwaiwar namiji. Kifin kuma ba na kiwo bane, a kogi aka kamo shi, ƙasa da inda tashar tace ruwan ƙazantar gari take zubar da ruwanta.

Kuma ba sabon abu bane a nan. Tun 1998 Susan Jobling da John Sumpter na jami'ar Brunel da abokan aikinsu suka fitar da bincike kan wani kifi da ake kira roch a koguna takwas na Ingila, a wasu wuraren na kogin Aire da kogin Nene duk namijin da suka duba sai sun samu alamar mace a jikinsa. Abinda ya fi damuna shine kifin nan in ka ganshi lafiya ƙalau yake iyo, baya mutuwa baya tasowa saman ruwa, babu wanda zai ce akwai matsala sai an fede shi.

Malam Habu Mai Kifi:
Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa ni wannan bai bani mamaki ba ko kaɗan don da hannunmu muke yin irinsa. Duk mai kiwon karfasa ya sani, in ka bar maza da mata a tafki ɗaya haihuwa zasuyi tayi su cika wajen da ƙanana babu mai girma, shi yasa ake cakuɗa homon na maza, wato sinadarin da ke sa jiki ya zama na namiji, a abincin 'ya'yan tun suna 'yan kwanaki da ƙyanƙyashewa, miligiram 60 a kilo ɗaya na abinci, ayi ta basu sati uku zuwa huɗu, kusan dukkansu sai su tashi maza. To in ɗan wannan garin maganin zai mayar da mace namiji me zai hana kishiyarsa ta mayar da namiji mace?

Abu Huzaifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na taɓa jin maganar nan, ance ƙwayar hana haihuwa da mata ke sha ce ke fita a fitsari ta shiga kogi. Kun gani ko, abinda ake ta tallata mana a asibitoci kenan, kifi ma bai tsira ba balle mutum

Maman Ummi:
Malam Abu Huzaifa don Allah a bi a hankali. Ni shekara goma sha ina aikin unguwar zoma, kuma abin da kowace ɗalibar aikin jinya ta sani shine kowace mace baliga tana fitar da homon na mata a fitsarinta kullum, ko ta sha ƙwaya ko bata taɓa ganinta ba, haka Allah ya halicce ta. Mai juna biyu kuwa nata ya ninka na sauran nesa ba kusa ba, musamman in cikin ya tsufa. Maza ma suna fitar da kaɗan. Shanu da awaki ma haka. To yanzu sai muce mata su daina ɗaukar ciki saboda kifi? Ina da matan da likita ya ce in suka sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu ransu na cikin haɗari, irin wannan maganar in ta yaɗu su take cutarwa, miji yaji a waya ya dawo gida ya hana.

Ɗan Zariya a Ingila:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Malam Abu shima akwai ƙamshin gaskiya a tasa, bari in raba. A wannan shekarar ta 1998 wasu masu bincike a nan Ingila suka ɗauki ruwan da ke fitowa daga tashoshin tacewa suka rarraba shi kashi-kashi don su gano wane sinadari ne ainihin mai wannan aikin. Abinda suka samu guda uku ne, biyu na halitta ne wato irin wanda Hajiya ke magana, na ukun shine na cikin ƙwayar, ana kiransa EE2. Na halittan sun fi yawa a ruwan. Shi kuma EE2 kaɗan ne amma ya fi ƙarfi kuma baya ruɓewa da wuri, don dama an ƙera shi ne ya jure a jiki. Sannan akwai na huɗu da ba ruwansa da fitsarin kowa, nonilfenol, daga sabulun masana'antu yake fitowa, irin wanda masu wanke gashin tumaki da masaƙu ke amfani da shi, shi ya addabi kogin Aire don yankin Yorkshire garin masaƙu ne. Turai ta taƙaita amfani da shi a 2003.

Yadda abin ke aiki kuwa, hantar kifi mace tana yin wani sinadari da ke zama gwaiduwar ƙwai, sunansa bitelojenin. Namiji ma hantarsa zata iya yi amma a kulle take don babu homon ɗin da zai buɗe ta. In ya zauna a ruwan da ke da wannan homon sai hantar ta ɗauka umarni ne daga jiki ta fara aiki, shi kuma bashi da ƙwan da zai zuba a ciki sai ya taru a jini. Tun kafin binciken Jobling an saka kifaye maza a keji a bakin bututun tashoshin nan, cikin 'yan makonni jininsu ya cika da shi. In kuma tun yana ɗan ƙarami ruwan ya same shi lokacin da jikinsa ke tantance namiji ne ko mace, to shine ake samun mata-maza irin wanda na gani yau.

Abu Huzaifa:
To na ji. Amma ka amsa min wannan tsakani da Allah, mutumin da ke cin kifin nan ko yake shan ruwan kogin fa, mazantakarsa ba zata taɓu ba?

Injiniya Bala:
Bari in shigo da lissafi Malam Abu. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da wajen maikirogiram 30 na EE2. Ruwan da aka gwada aka ga yana lalata kifi kuwa nanogiram 5 ne a lita, kuma nanogiram dubu ne ke yin maikirogiram ɗaya. In ka raba, sai mutum ya sha lita 6,000 na wannan ruwan kafin ya haɗa ƙwaya ɗaya tak, wato jarka mai lita 25 guda 240. Kifi daban ne, shi a ciki yake kwana yake tashi, da ruwan yake numfashi dare da rana tun yana ƙwai, kuma jikinsa ɗan mitsitsi. Ni in zan ji wa mutum tsoro a ruwan kwata to kwalara da taifot zan fara ambata, sai ƙarafa masu guba irin kuromiyom na majemu, waɗannan sune a gaba.

Ɗan Masunta Yauri:
Salam. Ni duk na karanta amma gsky ina ganin wannan damuwar wanda ya ƙoshi ce. Mu nan kifi ya ragu ba ƙarya, abinda babana ke kamawa da safe ɗaya yanzu sai muyi kwana uku bamu haɗa ba, amma kowa ya san dalili. Gidan sauro da aka raba don zazzaɓi shi mutane ke jan kifi dashi, baya barin ko ɗan da bai kai farce ba, ga masu zuba gamalin da daddare su kwashe da asuba, ga masunta sun ninka. Wannan ido na gani. Kai kuma kana mana maganar abin da sai da madubin bature ake gani

Ɗan Zariya a Ingila:
Yaya na Yauri wlh ban musa maka ba, a wajenku gidan sauro da gamalin sun fi komai, kuma Neja babban ruwa ne yana sirka abin da aka zuba masa. Amma ka bani minti biyu in baka labarin wani tafki a Kanada don shi ya sa na daina ɗaukar abin nan da wasa. A arewa maso yammacin Ontario akwai wasu tafkuna a daji da gwamnati ta ware don gwaji kawai, babu gari babu masunta babu mai jefa ko ƙugiya. Wata mai bincike Karen Kidd da tawagarta suka zaɓi ɗaya, lamba 260, suka riƙa zuba EE2 a ciki shekara uku, 2001 zuwa 2003, daidai gwargwadon nanogiram 5 zuwa 6 a lita ɗin da Injiniya ya faɗa. Don ka gane ƙanƙantar abin, ka ɗauki farasitamol ɗaya ka raba shi kashi arba'in, ka jefa kashi ɗaya a babban wurin ninƙaya irin na gasar Olamfik, to kusan haka ne.

Akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai ƙaton kai da ya cika tafkin, baya wuce 'yan shekaru a duniya. Shekarar farko mazan suka fara yin gwaiduwa a jini. Bayan ta biyu aka nemi 'ya'ya aka rasa. Manyan suna nan suna iyo, suna tsufa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya babu masu maye gurbinsu, har kifin ya kusa ƙarewa ƙaf a tafkin. Ba a taɓa wayar gari an ga gawar kifi birjik a bakin ruwa ba irin ta gamalin. Daga baya manyan kifayen da ke cin waɗannan ƙananan suma suka ragu don abincinsu ya tafi. An buga sakamakon farko a 2007. Da aka daina zubawa kuma, bayan 'yan shekaru ƙananan suka dawo suka cika tafkin.

Shi gamalin ka san ranar da aka zuba, har ka iya kama mai zubawa ka kai shi wajen sarkin ruwa. Wannan kuwa wa zaka kama, kuma yaushe ma zaka lura?

Ɗan Masunta Yauri:
Hmm. Wannan na rashin 'ya'ya ya taɓa ni. Don mu ma da damina in ruwa ya hau fadama abinda dattawa ke dubawa kenan, in basu ga 'ya'yan kifi suna yuuu a gefen ciyawa ba sun san baɗi akwai wahala

Auwal Fagge:
Ku dai ku zo Kano ku ga rafin Jakara kawai. Ni a kusa da ita na girma, duk lambatun cikin gari nan yake sauka, ga jinin mayanka da kashin dabbobi, ga na masana'antun Bompai yana shigowa ta rafin Getsi, da rani ruwan baƙi wuluk yana kumfa kamar an kaɗa omo, wari tun daga nesa, kuma duk ya tafi dam ɗin Wasai mutane na kamun kifi a can suna ban ruwan latas da kabeji a hanya. Su Ingila da suka tace nasu ma ga abinda ya samu kifinsu, to mu da bama tacewa fa?

Injiniya Bala:
Auwal tambayarka tana da kyau amma akwai bambanci ɗaya da ya kamata a sani. A Ingila kusan kowane gida bututu ne ya haɗa bayan gidansa da tasha guda, fitsarin mutum dubu ɗari-ɗari yana fita ta baki ɗaya zuwa ƙaramin kogi, da bazara wani kogin ma babban kason ruwansa daga tashar yake. Mu kuma yawancin gidaje masai ne ko sokawe, da yawa yana nutsewa a ƙasa, wannan matsalar rijiyoyi ce kuma, wani babin ne. Amma inda ya haɗu irin Jakara, ko Challawa da ke karɓar na masana'antu, da rani babu ruwan sama da zai sirka, to abin da ke gudana kusan zallar ƙazanta ce. A irin wannan ruwan matsalar farko ma iskar numfashi ce take ƙarewa, shi yasa tarwaɗa ce ke saura a ciki don ita tana iya tasowa ta shaƙi iskar waje.

Malam Habu Mai Kifi:
To ita tarwaɗar wannan abin yana kama ta? Don ita ce abincinmu, ba roch ba

Ɗan Zariya a Ingila:
Yana kama ta Malam Habu. A 2004 masu bincike a Afirka ta Kudu suka duba tarwaɗa, irin tamu sak, a dam ɗin Rietvlei da na Marais kusa da Pretoria, inda ruwan tashoshin tacewa da na masana'antu da gonaki ke gangarowa, suka samu ƙwai a gwaiwar wasu mazan, suka kuma samu nonilfenol a wajen. A Amurka ma a 2003 kifaye suka riƙa mutuwa a wani reshe na kogin Potomac, da aka fede don neman dalili sai aka ci karo da mazan wani kifi da ake kira bas ɗauke da ƙwai, can kuma yankin gonaki ne da kiwon kaji ba babban birni ba.

Malam Habu Mai Kifi:
Allah mai iko. Ni fa gwaiwar tarwaɗa na santa kamar tafin hannuna don in zamu ƙyanƙyasa dole a yanka namijin, baya bada maniyyi da matsa. Macen muyi mata allura da yamma, da safe a matse ƙwan a roba busasshiya, shi kuma a fede cikin a ciro guda biyun nan dogaye masu baki kamar zarto, a goge jinin da tishu, a tsaga da reza sabuwa. Mai kyau fari ne tas kamar madara, ka zuba ruwan gishiri kaɗan ka juya da gashin kaza, minti ɗaya an gama. Wani namijin kuma ƙato dashi zaka fede ka samu abin ya yamushe ja-ja ba komai ciki sai ruwa, ka yi asarar kifi kayi asarar allura ga ƙwan mace na jira. Mu dai cewa muke bai nuna ba ko abinci ne. Yanzu ka sa min wasi-wasi, don akwai shekarar da nake jan ruwa daga rafin da ke bayan unguwa kafin in haƙa burtsatse.

Ɗan Zariya a Ingila:
Kar ka yanke hukunci da ido Malam, rashin nuna da abinci da sanyi duk suna kawo haka, ƙwan da nake magana ƙanana ne sosai ido baya gani. Kuma don adalci, a nan Ingila an sake bin kogunan nan daga baya, jami'ar Exeter ta fitar da bincike a 2014 da ya nuna roch bai ƙare ba ko a kogunan da ke da ruwan tasha da yawa, mazan da abin bai yi wa tsanani ba suna haihuwa, waɗanda ya yi wa tsanani ne haihuwarsu ke raguwa sosai. Kifi mai tsawon rai yana da shekarun da zai rama, mai gajeren rai irin na Kanada shekara biyu in ta wuce ba 'ya'ya shikenan.

Maman Ummi:
To ni tambayata maganin fa? Don mun saba a tsorata mu a tafi

Injiniya Bala:
Akwai Hajiya, kuma wannan ne ɓangaren da nafi so. A Kanada ɗin dai, garin Kitchener da ke kan kogin Grand, akwai wani ɗan kifi mai launi-launi da ke zama a ƙasan duwatsu, a wasu wuraren ƙasa da tashar garin duk namijin da aka duba mata-maza ne. A 2012 aka gyara tashar, aka canza yadda ake hura iska a tankunan da ƙwayoyin bakteriya ke cinye ƙazanta, kuma ba don homon akayi ba, don rage amoniya akayi. Amma da bakteriyar suka samu isasshiyar iska da lokaci sai suka haɗa da homon ɗin suka cinye. Masu bincike na jami'ar Waterloo ƙarƙashin Mark Servos suna bin kifin tun kafin gyaran, cikin shekara uku abin ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Matan garin basu daina shan ƙwaya ba, basu daina haihuwa ba, tankin kawai aka gyara. Suwizalan ta ƙara gaba, tun 2016 dokarsu ta tilasta wa manyan tashoshi ƙara mataki na iskar ozon ko gawayi na musamman don cire ragowar magunguna, amma wannan mai tsada ne, mu ko matakin farko muka samu an yi nisa.

Abu Huzaifa:
Hajiya kiyi haƙuri in maganata ta farko ta yi kaifi. Ni dai har yanzu raina bai kwanta da ƙwayar ba amma na gane ba ita kaɗai bace, kuma najasa a zuba ta a ruwan da mutane ke sha dama addini ya hana, an hana fitsari ma a ruwan da baya gudana

Maman Ummi:
Ba komai Malam, Allah ya bar zumunci. Ni ma na ƙaru, don ragowar magungunan da suka lalace a gida ni kaina a masai nake cewa a zuba, daga yau zan riƙa cewa a dawo dasu asibiti a haɗa da namu da ake ƙonawa

Auwal Fagge:
Injiniya wa zai gina mana tashar, mu da ruwan famfo ma sai a yi sati ba a gani ba

Injiniya Bala:
Ba sai irin ta Kanada ba Auwal. Akwai tafkunan tacewa da ake jerawa uku ko huɗu, ruwan ya kwana ashirin ko talatin yana wucewa daga wannan zuwa wancan, rana da gansakuka da bakteriya suyi aikin ba tare da wutar nepa ba, zafin ƙasarmu ma taimako ne don bakteriya sun fi aiki da zafi. Fili yake ci da kuma mai kula da kwashe laka. Masana'anta kuwa dokar ƙasa ta riga ta ce kowacce ta tace ruwanta kafin ta saki, hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA aka kafa a 2007 don irin wannan.

Malam Habu Mai Kifi:
Ni kam tun ɗazu wani abu ke cina. Ruwan tankin da nake ba 'ya'yan karfasa abincin nan mai homon, in na canza shi a kwata nake sakinsa, kwatar kuma rafi take zuwa. Injiniya in na haƙa rami na riƙa tara shi fa?

Injiniya Bala:
Ka haƙa nesa da rijiya da burtsatse, mai faɗi marar zurfi yadda rana zata buge shi, ka daɓe ƙasan da yumɓu, ka bar ruwan ya kwana biyu sosai kafin ka yi ban ruwan bishiyoyi dashi. Ragowar abincin da ya kwanta a ƙasan tanki kuma kar ka wanke shi cikin kwata, ka kwashe daban. Kuma ka sa safar hannu in kana cakuɗawa, matan gida masu ciki kar su taɓa.

Ɗan Masunta Yauri:
Ɗan Zariya in ka dawo hutu ka zo Yauri da kwalaben gwajin naka, zan kai ka inda kwatar gari ke shiga ruwa da kuma can sama inda ba kowa, mu kama tarwaɗa goma-goma ka duba mana. Kwale-kwale da masauki a kaina. Wane wata zaka shigo?

Ɗan Zariya a Ingila:
Ƙarshen rani ya fi, kafin ruwa ya sauka, lokacin ne ƙazanta bata sirku ba kuma mazan sun fara nuna. Goma tayi kaɗan Yaya, a samu talatin a kowane waje in zai yiwu, kuma da ransu nake so don gwaiwar bata jimawa take lalacewa, sai an saka ta a magani nan take a bakin ruwa. Zan turo maka lambata ta inbos.